Tambaya da Amsa: Wai Masu Kiɗan Jazz Ba Sa Yin Rihazal Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na kalli wasan masu jazz a YouTube, su biyar a kan dandamali, babu mai duba takarda, wannan ya busa ya yi shiru wancan ya ɗauka, kuma duk suka tsaya lokaci ɗaya cak. Abokina ya ce wai nan take suke ƙirƙirar kiɗan, ni kuma na ce ƙarya ne haddacewa suka yi. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh gaskiya abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kai ma ba ka faɗi ƙasa warwas ba, don akwai abin da suka haddace ɗin. Abin da suke riƙe da shi a ka shi ne karin waƙar da kuma jerin amon da ke ƙarƙashinta, wanda yake zagayawa yana dawowa, galibi gaɓa 12 in salon bulus ne (wani tsohon salon kiɗan baƙaƙen Amurka) ko gaɓa 32, gaɓa kuwa ɗan yanki ne na ƙidayar bugun kiɗa. Da farko sai su buga karin tare kowa ya ji, daga nan sai a sakar wa mutum ɗaya fili ya yi ta zuba abin da ya zo masa a kan wannan zagayen, mai fiyano da mai bes (ƙaton abin kiɗa mai tsirkiya da amo mai kauri) da mai ganga suna riƙe masa hanya, in ya gaji ko zancensa ya ƙare ya ɗan gyaɗa kai na gaba ya shiga. Wani lokacin ma har musayar gaɓa huɗu-huɗu suke yi da mai ganga. In ka ga shugaban ya taɓa kansa da hannu to alama ce a koma karin farko a rufe, shi ya sa ka ga sun tsaya tare. Ka dai san yadda mawaƙin kalangu yake hango baƙo ya shigo fili ya saka sunansa a waƙa nan take, 'yan amshi ko gezau, to kusan hakan ne.

Bari in ba ka labarin da ni ya fi burge ni. Ranar 15 ga Mayu 1953 a zauren Massey Hall na birnin Toronto a Kanada aka haɗa manya biyar: Charlie Parker a saksofon (wani abin busa), Dizzy Gillespie a kakakin turawa, Bud Powell a fiyano, Charles Mingus a bes, Max Roach a ganga. Parker ma da saksofon na roba ya hau dandamali, na roba fa! Ga shi an yi rashin sa'a a daren ne ake damben Rocky Marciano da Jersey Joe Walcott a Chicago, hankalin jama'a ya koma kan damben, zauren ko rabi bai cika ba, masu shirya taron suka kasa biyan makaɗan kuɗinsu yadda aka yi alkawari. Mingus ne ya kwashi faifan da aka naɗa, ya ji bes ɗinsa bai fito sosai ba ya sake bugawa ya ɗora, suka fitar a kamfaninsu shi da Roach. Su biyar ɗin nan ba a sake naɗar su tare ba, Parker ya rasu a 1955 yana da shekara 34, amma har yau masu koyo suna sauraron wannan daren.

Sai dai fa kar ka ɗauka irin wannan kiɗan sauƙi ne da shi, mutanen nan sun yi shekaru suna goge hannu a gidajen rawa na New York kafin su kai haka. In za ka sake kallon bidiyon, ka bar mai busa ka zuba wa mai ganga ido, za ka ga kunnensa na kan mai busan, yana ba shi amsa.