Tambaya da Amsa: Wa zai binciki ɗan sanda in an kai ƙararsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Wata uku kenan 'yan sanda suka tare ƙanena da daddare yana dawowa daga aiki, ɗayansu ya sharara masa mari har yanzu kunnensa na hagu baya ji sosai, kuma wallahi ba abinda yayi. Mukaje ofishinsu kai ƙara, wanda ke kan kanta ya rubuta a wani littafi yace za'a neme mu, har yau shiru kakeji. Yanzu naji ana maganar kafa kwamitin fararen hula a birninmu da zai dinga duba irin wannan ƙorafi. Dan Allah abin nan yana aiki kuwa, ko ɓata lokaci ne kawai?
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba yaron nan lafiya, raina ya ɓaci da na karanta wasiƙarki. Kinga shirun nan da kukaji, shi ne ainihin dalilin da yasa ake kafa irin wannan kwamiti, domin kai ƙarar ɗan sanda wajen abokin aikinsa da suke fita sintiri tare ai an ba kura ajiyar nama ne.

Yana aiki, amma fa ba kowanne ba. Akwai kwamitin da aikinsa kawai ya jira 'yan sanda su gama binciken kansu sannan a miƙo masa fayil ya karanta ya bada shawara, wannan kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Wanda ke da amfani shi ne mai nasa masu bincike da ba 'yan sanda ba, da nasa kasafin kuɗi, kuma doka ta bashi ikon kiran jami'i ya zo ya amsa tambaya da ikon karɓar bidiyo da rajistar aiki ko shugabanninsu basu so.

Ki duba birnin Niyok a Amurka. Hukumarsu mai duba ƙorafin jama'a kan 'yan sanda, wato CCRB, a cikin rundunar 'yan sanda aka fara ta a 1953, sai a 1993 ta koma hannun fararen hula zalla, tana da masu bincikenta, amma duk da haka kwamishinan 'yan sanda ke da maganar ƙarshe kan hukunci. Eric Garner ya mutu a Yulin 2014 bayan wani ɗan sanda ya shaƙe masa wuya, wani dake tsaye a wajen ya ɗauki abin a waya, lauyoyin hukumar ne suka gurfanar da jami'in a shari'ar ladabtarwa, amma sai a Agustan 2019 aka kore shi daga aiki. Shekara biyar fa, ga bidiyo duk duniya ta gani. A Shikago kuma bidiyon harbin Laquan McDonald, matashin da wani ɗan sanda ya harbe har lahira, sama da shekara aka riƙe shi sai da alƙali ya bada umarni aka saki a Nuwamban 2015, fushin da ya biyo baya ne ya haifar da sabuwar hukumarsu mai binciken ƙorafi kan 'yan sanda, wato COPA, a 2017.

Saboda haka in an kira taron jin ra'ayi kije, ki ɗaga hannu ki tambaya wa zai naɗa mambobin kuma wa zai iya cire su, sannan in kwamiti yace a hukunta jami'i shugaban 'yan sanda ya ƙi, dole ne ya rubuta dalilinsa jama'a su gani ko a'a. Ni a ganina wannan tambayar ta ƙarshe tafi sauran muhimmanci.

Maganar ƙanenki kuwa kada ku jira kwamiti. Yaje asibiti a duba kunnen a bashi rahoton likita, ku zauna yau ku rubuta rana da lokaci da wajen da abin ya faru, lambar motar in ya tuna, kamannin wanda ya mare shi, da duk wanda ya gani. Ku rubuta ƙorafin a takarda ku kai ofishin dake sama da wancan, kuyi kwafi biyu a buga muku sitam da kwanan wata a naku ku riƙe. Wurare da yawa ƙorafi yana da wa'adi, wata uku sun riga sun tafi, kuje cikin satin nan.