Ku Tambaya, Mu Amsa: Ziyarar Tsohuwar Majami'ar Katolika

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine a Bauchi, kuma an ba mu aikin ziyartar wani gini mai tarihi domin mu rubuta bayani a kansa. Ƙawata 'yar Katolika ta ce in bi ta majami'arsu, amma ni Musulma ce, ban taɓa shiga coci ba. Me ya kamata in lura da shi, kuma yaya zan yi kada in saɓa wa masu wurin? Daga wata mai karatu, Bauchi.

AMSA: Malama, batun hukuncin shiga sai ki kai shi gaban malamanki na addini, domin ba fagenmu ba ne. Abin da za mu iya shi ne mu nuna miki inda za ki sa ido.

Da farko, kada ki tafi da hoton majami'ar Bitrus ta birnin Rum a ranki, wadda aka aza harsashinta a 1506 ba a keɓe ta domin ibada ba sai a 1626, domin duk wanda ya auna gine-ginenmu da wannan ma'auni zai dawo yana cewa bai ga komai ba. Tarihin Katolika a wannan yanki bai kai haka nisa ba. Limaman SMA, wata ƙungiyar mishan ta Katolika mai aiki a Afirka, sun sauka a Shendam, cikin jihar Filato ta yanzu, a 1907, daga baya aikin ya kafu a Jos, kuma daga Jos ɗin aka yanke yankin Bauchi a 1996, ya zama cikakken dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop, a 2003, ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe. Bishop ɗinsa na farko shi ne John Moore, mutumin ƙasar Ayalan. Idan tsufa kike nema, to Shendam ta fi dacewa; idan kuwa tsarin gini ne, babbar majami'ar St. John da ke nan Bauchi ta ishe ki.

A ganinmu, kyan majami'ar Katolika yana cikin yadda aka tsara ta, domin kusan babu abin da aka ajiye don ado kawai. Ki tsaya a bakin ƙofa ki duba yadda layin kujeru ke jan ido zuwa bagade, wato teburin da limami, wanda suke kira fada, yake jagorantar sujada a kansa. Kusa da shi za ki ga wani ɗan akwati a kulle da fitila tana ci a gefensa, galibi ja; a ciki ake ajiye gurasar da aka tsarkake, kuma shi ya sa za ki ga masu shigowa suna durƙusawa kafin su zauna. A jikin bango akwai hotuna ko sassaƙe guda 14 da ake kira Hanyar Gicciye, waɗanda ke ba da labarin wahalar Yesu bisa imaninsu, daga yanke masa hukunci har zuwa sa shi a kabari. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya, domin a nan hannun mai sassaƙa ya fi bayyana. Ki nemi kujerar bishop ma, don ita ce ke bambanta babbar majami'a da sauran, ba girman gini ba, abin da mutane da yawa ba su sani ba.

Tunda zane kike karanta, ki ɗaga kai ki ga tsayin rufi da jerin tagogi, ki tambayi kanki yadda maginan suka yi da zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu.

Game da ladabi kuwa, ki je a tsakiyar mako, ba ranar Lahadi ba, ki fara gaida fada ko katekis, wato mai koyar da addini a majami'ar, a ofishinsu ki faɗi abin da ya kawo ki. Mayafinki ba zai zama baƙo ba, domin matan Katolika da yawa suna ɗaura kallabi. Ba a cire takalmi, amma ana rage murya, ba a hawa dandamalin bagade, kuma ba a ɗaukar hoto sai da izini. Ruwan da ke bakin ƙofa na masu ibada ne, ba a bukatar ki taɓa shi. Ki kuma roƙi katekis ya haɗa ki da dattawan wurin, domin su ne suka san shekarar da aka ɗora kwano da waɗanda suka ɗauko yashi a ka.