Tambayi Likita: Hoton CT, MRI da Na Zuciya

Wasiƙun wannan wata sun fi karkata ga hotunan da ake ɗauka a asibiti. Mun zaɓi huɗu, likitocinmu na sashen hoto suka amsa.

Wani magidanci daga Gusau: Mahaifina ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ba ya motsi. An yi masa hoton CT na kai, aka ce ba a ga komai ba, amma likita ya dage cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Ta yaya haka?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Maganar likitan tana kan hanya. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, wanda shi ne ya fi yawa, ko kuma jijiya ta fashe jini ya zuba. CT, wato hoton X-ray da ke nuna cikin jiki yanka-yanka, yana nuna zubar jini nan take, ya fito fari fat a hoton. Toshewa kuwa sau da yawa ba ta bayyana a sa'o'in farko, sai naman ƙwaƙwalwar ya fara kumbura. Don haka idan aka ce ba a ga komai ba, ma'anarsa ba a ga jini ba, kuma amsar da likita ke nema ke nan da farko, domin maganin wannan guba ne ga wancan. Asfirin da allurar narka gudan jini suna taimakon mai toshewa, amma suna iya ƙara wa mai zubar jini ɓarna. Shi ya sa muke roƙon mutane kada su ba mara lafiya asfirin a gida kafin a yi hoto.

An fi farawa da CT saboda sauri, ɗaukar kanta ba ta wuce 'yan mintoci. MRI, hoton da ake ɗauka da mayen ƙarfe, yana da wani salo da ke kama toshewa tun cikin mintocin farko, kuma ya fi gani a ƙasan ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda ƙashi ke dagula hoton CT. Allurar narka gudan jini ana yin ta ne cikin sa'o'i 4 da rabi daga fara ciwon. Wanda ya farka da shi, ana ƙirga masa daga lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya lau, don haka a riƙe wannan lokaci a faɗa wa likita.

Wani mai walda daga Kano: Mako uku ke nan ina fama da ciwon baya. Abokai sun ce in je in yi MRI kawai. In je?

Malam, kada ka yi gaggawar kashe kuɗinka. Yawancin ciwon ƙasan baya yana lafawa cikin mako 4 zuwa 6 da maganin ciwo da motsa jiki, kuma kwanciya a gado kwana da kwanaki tana ƙara shi ne. Akwai wata matsala da mutane ba su cika sani ba: in aka ɗauki lafiyayyun manya waɗanda ba sa jin ciwon komai aka yi musu MRI, da yawansu za a ga faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayansu ya ɗan turo ko ya saki. Sai mutum ya karanta rahoto ya tsorata, a kama maganin abin da ba shi ne tushen ciwon ba.

Amma akwai alamomin da ba a jira a kansu: ƙafa ta fara rauni ko kana jan ta, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa kufcewa, wajen mazaunai da al'aura ya mutu ba ka jin taɓi. Waɗannan na iya nufin jijiyoyin ƙarshen laka sun matsu, MRI a ranar ake nema. Zazzaɓi, rama da gumin dare kuwa suna sa mu yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, wanda MRI ke kamawa tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna ɓarna.

In ta kama a yi, sana'arka ita ce abu na farko da za ka faɗa. Injin MRI ba ya amfani da hasken radiyeshin, mayen ƙarfe ne mai ƙarfin gaske, kuma a kunne yake dare da rana ko ba a ɗaukar hoto. Ɗan ɓarɓashin ƙarfen da ya taɓa faɗa maka a ido zai iya motsawa ya ji wa idon rauni, shi ya sa ake fara ɗaukar hoton kwarmin ido ga wanda ya taɓa samun irin wannan. A faɗi kuma ko akwai na'urar daidaita bugun zuciya, ƙarfen tiyata, ko harsashi a jiki. Laya, guru, zobe, makulli, waya da katin banki duk a waje ake barin su. Mata su cire fil na ɗankwali, su goge kwalli idan hoton kai ne. Haƙorin Makka ma a ambata shi, yana iya ɓata hoton da ke kusa da shi. Ɗaukar kan ci minti 20 zuwa 45, ƙarar injin tana da yawa don haka za a ba ka abin toshe kunne, kuma motsi kaɗan yana sa a maimaita. Idan za a yi allurar da ke haska hoto, ana duba aikin ƙoda tukuna.

Wata mai jego daga Zariya: Wata biyu da haihuwata, ƙafafuna sun kumbura, ina haki, ba na iya kwanciya sai na tara matasan kai. An yi mini ECG, yanzu an ce sai na yi eko. Ba abu ɗaya ba ne?

'Yar'uwa, sannu, kuma ki yi shi cikin gaggawa. ECG zanen wutar da ke tafiyar da bugun zuciya ne kawai. Eko kuwa irin sikanin ɗin da aka yi miki lokacin ciki ne, sai dai a ƙirji ake ɗora shi, kina kwance ta ɓangaren hagu. Ba allura, ba radiyeshin, ba ya hana shayarwa. Yana nuna girman ɗakunan zuciya huɗu, yadda ƙofofinta ke buɗewa da rufewa, ko ruwa ya taru a kewayenta, ko akwai gudan jini a ciki. A rahoton ki nemi adadin da aka rubuta EF, wato kason jinin da babban ɗakin hagu ke turawa a kowane bugu. Na mai lafiya yana tsakanin kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Ga mai jego irinki, idan ya gaza 45 ba tare da wani dalili ba, ana ɗaukarsa raunin zuciya na haihuwa, ciwon da arewacin Najeriya ke cikin wuraren da aka fi samunsa a duniya. Ki dakatar da kunun kanwa, ki rage gishiri, domin suna riƙe ruwa a jiki su ƙara wa zuciyar nauyi. Mata da dama suna farfaɗowa da magani. Za a maimaita eko bayan wasu watanni, kuma kada ki sake ɗaukar ciki sai an ga sakamakonsa.

Wata uwa daga Maraɗi: Ɗana mai sikila shekararsa huɗu, lafiyarsa ƙalau, amma an ce a yi masa sikanin ɗin kai.

Hajiya, ki kai shi. Na'ura ce da ake ɗorawa a gefen kai, kusa da kunne, tana auna gudun jini a manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba zafi. Jijiyar da ta ƙuntata jini yana gudu a cikinta da sauri. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ko da yana wasansa. Ana yi wa yara masu SS sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Wanda aka samu da gudu mai yawa ana kare shi da ƙarin jini a kai a kai, ko da maganin haidiroksiyuriya, wanda binciken da aka yi a asibitocin Kano ya nuna amfaninsa a inda samun jini kowane wata ke da wuya.