Amsa ga ƙanena na Anguwan Rogo, kafin a taɓa filin Baba

Ƙanena, na ga saƙonka tun ranar Talata har da muryar da ka turo ta minti bakwai, ban amsa ba saboda muna ƙarshen kwata, wato rufe lissafin wata uku, a irin wannan makon ko Hajiya a gurguje nake gaishe ta. Kai ne na huɗu da ya min wannan tambayar a bana, don haka zan rubuta da tsawo sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya a tura masa. Ka ce ka gama digirin akanta a jami'ar Jos, ka yi bautar ƙasa a Abuja, yanzu kana so ka taho Dablin ta ƙasar Ireland ka yi mastas ka shiga "irin aikinku na zuba jari a sababbin kamfanoni", kuma wai Baba ya yarda a sayar da filinsa na Rikkos a biya kuɗin makaranta. Wallahi maganar filin nan ce ta sa na zauna nake rubutu da ƙarfe ɗayan dare.

Da farko dai ni ba na zuba jari a kamfanin kowa. Na sha faɗa a gida ba a ji. Ni akawun asusu ne, mu ne masu riƙe littafi a bayan fage. Yadda abin yake, akwai masu kuɗi, irin su asusun fansho da kamfanonin inshora da jami'o'i da attajirai, su yi alkawarin kuɗi ga wani manaja, shi kuma ya je ya nemo ƙananan kamfanonin fasaha ya sayi kaso a cikinsu, a jira kamar shekara 10, wani lokacin a ƙara ɗaya ko biyu, yawancin kamfanonin su mutu, ƙalilan su yi girman da zai biya asarar sauran. Shi ya sa nake ce masa jarin kasada. Manajan yana karɓar kusan kashi 2 cikin 100 na kuɗin duk shekara na gudanarwa, in an ci riba kuma ya ɗauki kashi 20 cikin 100 na ribar. Wannan kashi 20 ɗin shi ne abin da kuke hange daga gida, kuma ko sisi daga ciki ba ya zuwa teburina. Kamfaninmu haya aka ɗauke shi ya yi lissafi, albashi ake biya na kamar kowane ma'aikaci. Kallon kitse kuke wa rogo.

Toh mene ne aikin? Masu jarin nan ba sa ba da kuɗin gaba ɗaya, alkawari ne. Duk ranar da manaja ya samu kamfanin da zai saya wa kaso sai ya ce mana yana buƙatar kaza, mu kuma mu raba wannan kuɗin a kan masu jari gwargwadon alkawarin kowa, mu rubuta wa kowannensu takardar kiran kuɗi, yawanci a ba su kwana 10 na aiki su turo, sannan mu zauna muna bin asusun banki muna duba wa ya biya wa bai biya ba, wa bankinsa ya cire caji ya turo da giɓin yuro goma sha biyar. Duk wata uku mu fitar da darajar asusun, wato NAV, da takardar kowane mai jari da ke nuna nawa ya saka, nawa aka mayar masa, nawa ya rage a kansa. In an sayar da kamfani mu lissafa rabo bisa tsarin da ke cikin yarjejeniyar, wa za a fara biya, sai wa, yaushe manaja zai fara ɗiba. Yarjejeniyar nan takan wuce shafi ɗari, lauyoyi ne suka rubuta ta, kuma wasu manyan masu jari suna da tasu takardar ta gefe da ta rage musu caji, in ka manta da guda ɗaya lissafin kowa ya karkace.

Bari in ba ka abin da ya same ni a shekarata ta farko. Wani asusu ya karɓi sababbin masu jari bayan an riga an fara aiki, a ƙa'ida waɗanda suka zo daga baya sai su biya kasonsu na abin da aka riga aka kashe kamar tun farko suna ciki, a mayar wa na farko rarar. Na yi lissafin a Excel, na duba sau uku, jimilla ta ƙi haɗuwa da yuro huɗu da 'yan kwabbai. Yuro huɗu fa, a asusun miliyoyi. Kowa ya tashi, mai shara ta zo ta wuce, fitilar ofis tana mutuwa da kanta sai na ɗaga hannu ta dawo, na yi magariba da isha a ɗakin taro a kan kwali, sai wajen goma da rabi na gano cewa wani mai jari ɗaya an ɗauki ranar shigarsa da bambancin kwana ɗaya. Da safe babu wanda ya ce sannu, don a nan haka ake sa ran za ka yi. In kai mutum ne da irin wannan zai ƙona maka rai, tun yanzu ka sake tunani.

Abin da ya fi wahala kuma shi ne ƙiyasta darajar kamfanin da ba ya kasuwar hannun jari, bai taɓa cin riba ba, wani ma ko shekara biyu bai yi ba. Manaja ne ke kawo farashin, ana bin ƙa'idojin IPEV da IFRS 13, ko ASC 820 in asusun na bin tsarin Amurka, amma kai ne za ka tambaye shi hujja, kuma masu odit, wato masu binciken lissafi, kai za su tsare da tambaya daga Janairu har Afrilu. Shekarun nan kuma azumi yana faɗowa daidai lokacin odit. Ka riƙe wannan.

Ranar Juma'a 10 ga Maris 2023 hukumomin Amurka suka rufe Silicon Valley Bank, bankin da ɗimbin asusun jarin kasada da kamfanoninsu ke ajiya a ciki. Muna da takardun kiran kuɗi da muka riga muka tura ɗauke da lambar asusun wannan bankin. Asabar da Lahadi a kan waya muka yi su, muna kiran masu jari ɗaya bayan ɗaya kar su tura, manajoji suna kira murya na rawa don kamfanoninsu ba su san da me za su biya albashi ba, sai a daren Lahadi Amurka ta ce za a biya masu ajiya, ranar Litinin kuma aka ji bankin HSBC ya sayi reshen Ingila a kan fam ɗaya. A cikin wannan rikicin ne 'yan damfara suka samu ƙofa, saƙonnin imel suka riƙa shigowa wai ga sabuwar lambar asusu. Ni na kama ɗaya, harafi ɗaya ne aka sauya a adireshin, na ƙi sakin kuɗin sai da na kira a lambar da muke da ita tun asali, suka ce ba su suka turo ba. Ka san me wani abokin aiki ya ce a gaban mutane? Wai dama ɗan Najeriya ai shi zai fi gane aikin 'yan uwansa. Aka yi dariya. Ni na tsare musu kuɗin amma ni aka yi wa dariya, na shiga banɗaki na wanke fuska na dawo na ci gaba da aiki don takardar zamana a hannun kamfanin take. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kuma a watan da ya gabaci wannan ne, Fabrairun 2023, FATF, hukumar duniya mai yaƙi da safarar kuɗin haram, ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ake sa wa ido kan safarar kuɗi, sai ya zama duk fayil ɗin da sunan ƙasarmu ya fito a ciki an ƙara masa bincike, kai kana zaune kana ji ana maganar ƙasarku kamar cuta.

Akwai maganar da ba ka tambaya ba amma na san Baba zai tambaya. Asalin tsarin ya yi kama da mudaraba da muka karanta a islamiyya, wani ya kawo dukiya wani ya juya a raba riba. Amma akwai ruwa a cikinsa ta gefe, asusu da yawa suna cin bashin banki na ɗan lokaci kafin su kira kuɗi, wasu jarin ana ba da su a matsayin bashi mai ruwa da zai rikiɗe ya zama hannun jari, waɗanda suka shigo a makare ma ana ɗora musu ruwa, kuma kai akawu da hannunka za ka lissafa shi ka rubuta. Ni na kai tambayata wajen malamai kafin na karɓi aikin, kai ma ka kai taka tun kana gida ga malamin da ka yarda da shi, kar ka bari sai ka ci bashin zuwa sannan zuciyarka ta fara damunka.

Yanzu maganar zuwa. Kafin biza sai ka nuna kana da yuro 10,000 na zaman shekara, ban da kuɗin makaranta, ka buga wannan da canjin yau ka gani ko filin zai kai. Ɗalibi awa 20 aka yarda ya yi aiki a mako, 40 lokacin hutu, duk ejan ɗin da ya ce maka da wannan za ka biya makaranta da haya ƙarya yake. In ka gama mastas ana ba ka izinin zama har shekara biyu ka nemi aiki, daga nan sai ka samu kamfanin da zai tsaya maka a takardar izinin aiki, kuma a Janairun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin babbar takardar zuwa yuro 38,000, da yawa daga ayyukan masu farawa ba sa kaiwa nan. Ƙari a kan haka kamfanonin sun kwashe ƙananan ayyukan sun kai Indiya da Folan da wasu wuraren da ma'aikaci ya fi araha, wato daidai matakin da kai za ka shiga shi ne yake ƙanƙancewa. Gida kuwa kar ma a yi magana, na yi wata biyar ina kwana a falon wani ɗan uwa ɗan Gana da muka haɗu a masallacin South Circular Road, Allah ya saka masa, da na samu ɗaki kuma kusan rabin albashina yake cinyewa. Sanyi ban damu da shi sosai ba, wanda ya tashi a Jos ya san sanyin Disamba, duhun ne ya kusa karya ni, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna rana ta faɗi, ka shiga ofis da duhu ka fito da duhu.

Abin da ya buɗe min ƙofa ba mastas ɗin ba ne, duk da kuɗin da ya ci. A intabiyu babu wanda ya tambaye ni me na rubuta a kundina. ACCA suka tambaya, wato shaidar ƙwarewa ta ƙungiyar akantoci ta Birtaniya, da shekaru ukun da na yi ina odit a Abuja kafin in taho, da ko na iya Excel na gaske. Takardu 13 ne ACCA, mai digirin akanta ana iya yafe masa wasu, kuma kana zaune a Najeriya za ka rubuta su, wata 36 na aikin da suke buƙata ma a gida za ka iya tarawa. Na ƙarasa nawa a nan ina aiki da rana ina karatu da dare, na faɗi takarda ɗaya sau biyu na sake, yau alhamdulillahi asusu shida ne a ƙarƙashina kuma ni nake duba aikin waɗanda aka haifa a nan kafin ya fita. Babu wanda ya ba ni wannan, kuma ba na so ka ɗauka sauƙi ne ya kawo shi. A ƙungiyoyin akantoci na gida ICAN tana da daraja, ANAN ma ga kwalejinsu nan a Kwall kusa da ku, amma a nan ACCA suka fi sani, gaskiyar kenan.

Kuma ka daina ganin kamar sai a Turai ake wannan aikin. Tun da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 idon masu jari ya ƙara dawowa kan Najeriya, a 2022 aka sa hannu a dokar sababbin kamfanoni, akwai masu juya irin wannan jarin a Legas da Abuja, ko da yake yawancin asusun a Morishus ko Delaware ake musu rajista. Suna buƙatar akawun da ya san yadda ake lissafa kamfanin da ke samun naira alhali masu jarinsa dala suka zuba, musamman bayan abin da ya faru da naira daga Yunin 2023. Wanda ya yi shekara biyu yana wannan a gida ya fi mai mastas ɗin da bai taɓa ganin takardar kiran kuɗi ba, ni da kaina in ana ɗaukan ma'aikata CV ɗinsa zan fara ɗagawa.

Dan Allah kuma ka faɗa wa abokinka mai manhajar sayar da kayan gwari na Farin Gada ya daina turo min takardun kasuwancinsa, ba ni da ikon ba kowa jari, kuma dokar aikina ta hana ni ko tura wa manajojin da muke wa aiki. Ba rowa ba ce.

Ka turo min sakamakonka na jami'a a PDF in duba takardu nawa za su yafe maka, kuɗin rajista da na jarabawar farko ni zan biya, littattafaina ma suna nan zan ba wani mai zuwa Abuja ya kawo maka. Ka fara neman gurbi a kamfanin odit ko da albashin bai taka kara ya karya ba. Baba kuma kar ka ce masa komai tukuna, ni zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, takardun filin su ci gaba da zama a akwatinsa. Ka gaida Umma da jiki.