Tausa na maganin ciwon jikin nan kuwa?

Tambaya: Salam Anti, likita ya ce ina da fibromayaljiya, ko'ina ciwo, in tashi da safe kamar an min duka, gwajin jini kuma lafiya lau. Maƙwabciyata ta ce in nemi mai tausa. Zai yi amfani? Daga wata 'yar uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Gaskiya tausa na kawo sauƙi, tana sassauta jiki har a samu barci, amma fa ba ta warkarwa, sauƙin na ɗan lokaci ne. Matsalar ba a ƙashi take ba, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke zuzuta zafin, shi ya sa in aka samu mai hannu da nauyi ta danne miki kafaɗa da gwiwar hannu wai sai ta "fasa" ciwon, to wallahi washegari ko ɗankwali ba za ki iya ɗaurawa ba. A shafa man kaɗanya a bi wuya da gadon baya a hankali, in ya yi zafi ki ce a tsaya, banda kunya. Ki je sashen gashin ƙashi a asibitin Barau Dikko su duba ki. Sannan ɗan tattaki kullum, a bincike motsa jiki ya fi tausar ma ƙarfin hujja, musamman da hunturu da jiki ke sanƙarewa. Maganin likitanki kuma kar ki ajiye shi.