Abinci ko muhalli na sa a haifi namiji ko mace?

'Yar'uwa, kin ce 'ya'yanki duk mata ne, dangin miji sun ɗora miki laifi, kina tambaya ko abinci ko yanayi ne sanadi. Wasu ƙwayoyin gado biyu da ake kira X da Y ne ke tantance jinsin jariri. Ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y: in mai Y ya shiga ƙwan, namiji za a haifa, in mai X ne, mace. Jiƙe-jiƙe da lissafin ranar saduwa ba su da hujja a likitance.

A duniya ana haihuwar maza kusan 105 a kan kowace mata 100, kuma muhalli kan ɗan karkata lissafin. Da gubar dayoksin ta watsu daga wata masana'anta kusa da garin Sebeso na Italiya a 1976, mazan da ta shiga jikinsu sosai sun fi haifar mata daga baya. Amma babbar karkata aikin mutane ce. A Sin adadin maza ya taɓa haura 115 a kan kowace mata 100 saboda dokar ɗa ɗaya da zubar da cikin mata bayan an yi hoto. Indiya kuwa sai da ta haramta faɗin jinsin ɗan tayi a 1994.

Abin da ke hannunku shi ne lafiya. Maniyyi yakan ɗauki kusan wata biyu da rabi kafin ya nuna, don haka in maigida ya bar sigari, ya riƙa sa safar hannu da takunkumi wajen feshin maganin ƙwari, sai bayan wata uku za a ga canji a lafiyar maniyyin a gwaji. Ke kuma ki fara shan bitamin ɗin folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ciki, ki bar tazarar shekara biyu bayan haihuwa. Jera ciki don neman namiji yana jawo ƙarancin jini da haihuwar bakwaini.