Na haɗa fitilar shawarar jarirai, ta ina zan bi in zama mai bincike a jami'a?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Na yi digirin farko a injiniyan lantarki, na gama bautar ƙasa bara. Burina in koyar a jami'a, in yi bincike a fannin injiniyan na'urorin asibiti. Aikin kammala karatuna fitila ce mai sola ta maganin shawarar jarirai, kuma tana kamawa lafiya lau. Wani ɗan'uwana da ke aiki a asibitin kuɗi ya ce zai ba ni dama in gwada ta a kan jarirai biyar ko shida. Akwai kuma wanda ya ce in na biya shi zai fitar mini da sakamakon a mujallar ƙasar waje cikin mako biyu. An ce mini wanda ba shi da maƙala ba ya samun gurbin karatu a waje. Shekaru suna tafiya, abokaina sun kama aiki, ga shi digirina ma ba na fannin ba ne. Ina tsoron kada a cike guraben kafin in iso. Me zan yi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Maganar digirinka ba ta kai ta hana ka barci ba. Da yawa daga cikin manyan fannin nan daga lantarki suka fito, wasu daga kanikanci, wasu daga fiziks ko likitanci. Sassan da ake da su a Najeriya, kamar na Ilori, Legas, Ibadan da Owerri, duk sababbi ne, kuma masu digirin digirgir suke nema ido rufe. A wajen ƙasa akwai Jami'ar Cape Town, da Makerere a Yuganda, da Legon a Gana. Abin da za ka ciko shi ne sanin yadda jikin mutum ke aiki da ilimin ƙididdiga, kuma digiri na biyu zai ba ka su. Wuri bai cika ba.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne jariran nan biyar ko shida. Kada ka sa ko ɗaya a ƙarƙashin fitilar nan. Ko ɗan'uwan naka ne mai asibitin, kada ka yi.

Ka ce "tana kamawa lafiya lau". Wannan magana ita ce cutar da ta fi damun fanninmu, kullum sai na ji ta a bakin ɗalibi, wani lokacin har a bakin malami. An danna maɓalli, haske ya zo, sai a ce na'ura ta yi aiki. Ganin kitse ake yi wa rogo. Kamawar fitila shaida ce cewa ka iya haɗa waya, ba ta ce komai a kan jinin jariri ba. Abin da ke farfasa bilirubin (sinadarin rawaya da ke taruwa a jinin jariri ya jawo shawara, wanda hanta ke fitarwa) a fata shuɗin haske ne mai tsawon zango tsakanin nanomita 460 zuwa 490, kuma in magani mai ƙarfi ake so, sai ƙarfin hasken da ke sauka a jikin yaron ya kai maikirowat 30 a kowace murabba'in santimita a kowace nanomita. Ido ba ya auna wannan. Fitila tana iya kashe maka ido don haske amma ba ta kai rabin abin da ake buƙata ba. Ka taɓa ɗora ma'aunin ƙarfin haske a ƙarƙashin taka? A tsakiyar gadon nawa ya nuna, a gefe nawa? Daga tazarar santimita nawa? Masu bincike sun zagaya ɗakunan jarirai a asibitocin ƙasar nan da ma'auni, suka tarar mafi yawan fitilun da ake aiki da su, har da na kamfani, ba sa kai wannan ƙarfin. Ina ga wadda ba a taɓa aunawa ba.

Mutane suna zaton haɗarin shi ne fitila ta ƙona yaro. Wannan yana nan, amma wanda ya fi shi muni shi ne ta zauna ba ta yin komai, alhali uwa da nas da likita duk sun saki jiki cewa yaro yana kan magani. Bilirubin yana ta hawa a ɓoye. In ya haye ya taɓa ƙwaƙwalwa, babu gyara: kurumta, shanyewar gaɓoɓi, ko mutuwa. A ƙasashenmu ƙarancin sinadarin G6PD, mai kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita, kuma jaririn da ke da shi shawararsa tana iya tashi cikin sa'o'i kaɗan. Daren da ya kwana ƙarƙashin fitilarka shi ne daren da ya kamata a ce an kai shi inda za a yi masa canjin jini. Sai ka ƙara da sauran tambayoyin da ɗalibi ba ya so a yi masa. Batirin ya mutu ƙarfe uku na dare, wa zai sani? Akwai ƙararrawa? Zafin jikin yaro yana tashi? Wuta tana zurarewa zuwa ƙarfen gadon? Bayan wata shida ƙwayayen fitilar sun dusashe da kashi nawa? Ba don ado aka rubuta ƙa'idar IEC 60601 ta amincin na'urorin asibiti masu lantarki ba, har da ɓangarenta na 2-50 da ya keɓanta da fitilun jarirai, haka ISO 14971 ta tantance haɗari. Kowane sashe a cikinsu amsa ce ga wata hanya da na'ura ke iya cutar da mara lafiya.

Mu ɗauka ma Allah ya kiyaye, duk shidan sun warke. Me ka gano? Babu. Mafi yawan shawarar jarirai da kanta take washewa cikin mako ɗaya ko biyu. Za ka ba fitilarka ladan aikin hanta, ka rubuta cewa ta yi nasara ɗari bisa ɗari, wani ya karanta ya ƙera guda hamsin ya raba wa asibitocin karkara. Dubi yadda masu abin suka yi da suka so gwada hasken rana da aka tace a Legas. Sai da suka fara auna ledojin da ke tare haskoki masu cutarwa ba tare da jariri ko ɗaya ba. Sannan suka ɗauki jarirai 447, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ana auna zafin jikinsu a kai a kai, ana auna jini, kuma an shata matakin da in yaro ya kai za a cire shi daga gwajin. Sakamakon ya fito a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine a 2015: tataccen hasken rana ya yi aiki a kashi 93 cikin ɗari na ranakun magani, fitilar asibiti kashi 90. Wannan shi ake kira bincike.

A shekarar 2020, lokacin korona, mun sha kallo. Kusan kowane mako sai an ga hoton wata makaranta ta ƙera na'urar taimaka wa numfashi, an yanka kintinkiri, an yi tafi, 'yan jarida sun ɗauka. Ba na raina ƙoƙarin yaran, wasunsu sun nuna basira ta gaske. Haushina na manyan da suka tsaya a hoton, suka koya wa ɗalibai cewa ranar da gwamna ya zo ya gani ita ce ranar kammala aiki. Wannan tarbiyyar ce ta sa kake ganin saura gwaji a kan yara shida ka gama.

Kuma mu 'yan Arewa bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani a kan izini ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba, daga baya kuma aka gano takardar amincewar kwamitin ɗa'a, mai ba da izinin gwaji a kan mutane, an rubuta ta ne bayan an gama. Kamfanin ya tsaya a kan cewa bai yi laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya haifar yana cikin abin da ya rura wutar ƙin rigakafin shan inna a 2003. In kana jin zafin abin da baƙo ya yi, to uwar da za a sa ɗanta ƙarƙashin fitilarka ba ta san gwaji ba ne, haƙƙinta ɗaya ne da na waɗancan iyayen, kuma Allah zai tambaye ka. Najeriya tana da kundin ɗa'ar binciken lafiya tun 2007, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna da kwamitocinsu, rajistar na'ura kuma aikin NAFDAC ne. Na sani, takarda tana iya yin watanni a kan teburin wani, a ce shugaban kwamiti ya yi tafiya, a ce ka kawo kwafi goma. Ni ma abin yana ci mini rai. Amma ba a neman izini bayan an gama, kuma duk mujallar kirki sai ta tambaye ka lambar amincewar kafin ta duba rubutunka.

Mai mujallar mako biyu kuwa ɗan damfara ne. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya, John Bohannon, ya shirya maƙalar bogi mai cike da kurakurai da gangan, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Irinsu ne za a kai ka. Farfesan da zai duba takardunka a Jamus ko Ingila ya san sunayensu, kuma gara ya ga ba ka da maƙala da ya ga irin wannan. Mujallun gaske ma wasu suna karɓar kuɗi, amma sai bayan masana sun tace aikin, abin da ke ɗaukar watanni, kuma da yawa suna yi wa 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi rangwame. Ka duba sunan mujalla a Scopus ko PubMed, rumbunan intanet da ke jera mujallun bincike, da kanka. Batun cewa ba a samun gurbin digiri na biyu sai da maƙala, ba haka ba ne. Sakamakonka, wasiƙun malamanka, da bayanin abin da kake so ka bincika su ne kan gaba.

Fitilar taka kada ka jefar. Ka nemi likitan yara a asibitin koyarwa, ka ce masa kana so ka koya, ka roƙi aron ma'aunin haske. Ka auna ƙarfinta a kowane ɓangaren gado, ka auna zafi, ka auna sa'o'in batir, ka bar ta a kunne makonni ka ga yadda take raguwa. Wannan kaɗai maƙala ce mai mutunci, ba jariri a ciki. Wanda ya fi shi ma, ku nemi izini ku auna fitilun da ake amfani da su yanzu a asibitocin jiharku. Na'urar numfashin jarirai ta Pumani ɗalibai ne suka fara ta a Jami'ar Rice ta Amurka, amma tare da likitoci da nas-nas na asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre a Malawi aka raine ta, har rahoton 2014 ya nuna kashi 71 cikin ɗari na jariran da aka sa wa sun rayu, waɗanda aka ba iskar oksijin kawai kashi 44. Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2023 kan na'urorin numfashin jarirai, shekaru ya yi yana shiga ɗakunan bakwaini a asibitocin Najeriya. In kana neman batun digirin digirgir, ga ɗaya a ƙofar gida: wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata, kusan ninki uku a kan farar fata. Duk na'urar da ke auna abu ta cikin fata da haske tana buƙatar a gwada ta a kan irin fatarmu.

Matakan aikin jami'a ka san su, daga mataimakin malami har kujerar farfesa, kuma ba a nisa ba tare da digirin digirgir ba. Tallafin karatu na TETFund na wanda ya riga ya zama ma'aikacin makarantar gwamnati ne, don haka in ka samu gurbin koyarwa a sashen lantarki ka karɓa, daga nan ka karkata. In ba ka samu ba, ka nemi tallafin karatu na Commonwealth na Birtaniya ko DAAD na Jamus, ka kuma bi hanyar rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya. Wajen zaɓen mai duba aikinka kada girman muƙami ya ruɗe ka. Ka karanta maƙalunsa na baya-bayan nan, ka ga ko akwai sunan likita a cikin abokan rubutunsa, sannan ka tambayi ɗalibansa a keɓe shekara nawa suka yi kafin ya sallame su.